Idon Kaka Wilf a Rumfar Maki

Zuwa ga Gwaggo Glenys,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Kawu Desmond da yara, kuma sanyin Dunedin bai matsa muku ba. Allah ya ƙara lafiya. Mu nan Mama ta koma aiki, ciwon bayan Baba ya yi sauƙi. Na so in rubuta cewa kowa ƙalau, amma hannuna ya ƙi, domin akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Mama. Kaka Wilf ba ya gani sosai. Tun bara ne. A gidan nan ni kaɗai na sani, kuma na yi masa alkawarin zan yi shiru.

A teburin karin kumallo na fara ganewa. Kin san shi da wasan cike gurbin kalmomi na bayan jarida, ba ya shan shayi sai da shi. Wata safiya ya ce tabaransa ya ɓata, in karanta masa tambayoyin. Kashegari ma ya ɓata. A rana ta biyar na ga tabaran a aljihun rigarsa, ya ga na gani, ya ce wai ni 'yar sa ido ce, in zauna in karanta. Tun daga nan kullum kafin in tafi makaranta ni ke karantawa, shi yana ƙirga haruffa da yatsu, ni kuma in cike gurbin. Ya ce tsakiyar duk abin da ya kalla ce ke shafewa, sai gefe-gefe yake gani. Fuskata ma, in ji shi, kunnuwana kawai ya sani yanzu.

Rabin amsoshin nan kalmomin kurket ne, wasan nan na bugun ƙwallo da sanda, kamar masu shirya wasan ba su san wani abu a duniya ba. Na taɓa yi masa ƙorafi, na ce kalmomin ba su da kyan ji ko kaɗan. Mutum ya fita bai ci ko maki ɗaya ba, a ce ya yi agwagwa. Wani gefen fili sunansa lungun shanu, wani doguwar ƙafa, wanda kuma ya tsaya dab da mai bugu a ce yana wurin wawaye. A littattafan soyayyar da nake karantawa ko ƙofa aka buɗe sai an faɗe shi da daɗi. Ya yi dariya har da tari, ya ce sarakunan cikin littattafaina ba su taɓa tsayuwar awa biyar cikin yayyafi da jiƙaƙƙen takalmi ba, da su ma bakinsu ya yi kaushi. Daga baya na lura da wani abu. Mazan nan ba sa iya cewa na ji tsoro ko na ji kunya, sai su ce agwagwa, kowa ya yi dariya, a wuce wurin. Kaka ma bai taɓa cewa makanta ba. Cewa yake haske ya ɗan yi ƙasa, kamar yadda alƙalan wasa ke faɗa idan hadari ya rufe fili.

Shekararsa arba'in da ɗaya yana riƙe da littafin makin ƙungiyar kurket ta ƙauyen nan, kin fi ni sani, tunda ke ce ke fere masa fensir kina yarinya. Hannunsa ya haddace shafin, yana iya rubutu ko bai duba ba. Abin da ba ya iyawa shi ne hango alƙali. Shi ya sa duk Asabar nake zama kusa da shi a rumfa da littafina a buɗe, mutane suna cewa Bryony sarkin kunya ta zo ɓuya. Idan alƙali ya yi alama sai in taka ƙafar Kaka, in raɗa masa ta bayan littafin, shi kuma ya ɗaga hannu ya amsa. Kin san ba a ci gaba da wasa sai mai rubuta maki ya amsa.

Ranar Asabar da ta wuce na yi kuskure. Na kai wurin da yarinyar cikin labarin ta tsaya a tashar jirgin ƙasa tana jiran wanda take so, sai kawai na manta inda nake. Mista Sugden, alƙalinmu, ya buɗe hannuwansa biyu, alamar ƙwallon da aka jefa ta yi nisa da mai bugu, ya tsaya yana jira. Ban san tsawon lokacin ba. Shirun da filin ya yi ne ya sa na ɗago, na ga kowa ya juyo yana kallon rumfa, Kaka kuma yana fuskantar Mista Sugden sak, da murmushinsa, bai san ana jiransa ba. Kyaftin ɗin ƙungiyarmu ya ƙwala wa Kaka kira, wai ko tsoho ya tafi barci ne a kawo masa bargo, Mista Sugden ya ce hannuwansa sun gaji, shi ba mutum-mutumin gona ba ne. Aka yi ta dariya, Kaka ma ya taya su. Sannan ya ɗaga hannu ya amsa.

Misis Holroyd, mai rubuta makin ƙungiyar baƙi, tana zaune a ɗaya gefensa, ba ta yi dariya ba. Lokacin hutun shan shayi ta same ni ina yanka kek, ta tambaye ni a hankali tun yaushe. Sai na fashe da kuka. Ta ce mijinta ya yi irin wannan, kuma likita ya gaya musu akwai irin da ake iya tsayarwa idan an je da wuri, su sun je a makare. Ta ce ita ba za ta faɗa wa kowa ba, ba hurumin baƙuwa ba ne, amma in daina ƙirga Asabar, in fara ƙirga watanni.

Na roƙi Kaka mu je asibiti. Ya ce daga ranar da likita ya rubuta, kwamiti zai karɓe littafin ya ba wani mai kwamfuta, shi kuma a ajiye shi a benci da bargo a gwiwa, ana yi masa sannu. Ya ce in bari a gama kakar wasan nan. Haka ya ce bara ma.

Gwaggo, ke kaɗai yake jin maganarki. Shi da Baba minti uku ba sa yi sai sun fara musu. Ki kira shi, ki yi masa faɗan nan naki da yake yin kamar ba ya so. Na san zai gane ni ce, kuma wataƙila ya daina kirana in karanta masa jarida, abin da ya fi komai tsorata ni ke nan. Sau uku ina rubuta takardar nan ina yagawa.

Ki gaishe da Kawu Desmond, da Tamsin, da Fergus, ki ce masa na ga hoton kifin, ban yarda shi ya kama ba.

Ga Baba can yana neman makullin mota, zai shiga gari ya bi ta gidan waya. Da na yi niyyar in manne ambulan in ce masa gaisuwa ce kawai. Na fasa. Mahaifinsa ne shi ma. Zan sauka in miƙa masa a buɗe, in tsaya a gabansa har ya gama karantawa.

Taki har kullum,
Bryony