Rasuwar Usta Falah Mithƙal, Baduku Mai Ɗinkin Kuben Bindiga

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Mai Kowa Mai Komai, Ƙungiyar Jami'an Rakiya Masu Farin Kaya ta Arewa, mai mazauni a birnin Irbid, ta sami labarin rasuwar ubanta kuma malaminta, ɗaya daga cikin mutum bakwai da suka aza tubalinta, Alhaji Usta (wato gwanin sana'a) Falah Mithƙal Awwad, wanda babba da yaro suka fi sani da Abu Sakhr. Allah Ya karɓi abinSa da asubahin ranar Litinin, bayan jinyar ciwon zuciya ta wata biyu, yana da shekara saba'in da ɗaya a duniya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

A madadin mai girma shugaban ƙungiya, Kanar Haisam Dakhil mai ritaya, da majalisar dattawa, da ɗaukacin 'ya'yan ƙungiya maza da mata, muna miƙa ta'aziyyarmu ga uwargidansa Hajiya Nufa, Ummu Sakhr, da 'ya'yansa Injiniya Sakhr da Malam Muhannad da Malama Maisun, da jikokinsa, da danginsa na kusa da na nesa, da kuma maƙwabtansa na layin dukawa a tsohuwar kasuwa, waɗanda suka wayi gari suka tarar da rumfarsa a rufe.

Marigayin ɗan baduku ne, jikan baduku. Mahaifinsa ya yi suna wajen ɗinkin sirdi da ragama, amma shi Falah tun yana saurayi ya ce warin fata ya ishe shi, ya ajiye basilla ya shiga soja. Ya yi shekara goma sha biyar, ya fito da muƙamin saje da shaidar ladabi da riƙon amana, sannan ya kama aikin da ya haɗa mu da shi, wato rakiyar baƙi da injiniyoyi da likitoci zuwa wuraren aikinsu, da ƙaramar bindiga a ƙugu ƙarƙashin riga, ta yadda wanda ake tsaro ba zai firgita ba, mai wucewa kuma ba zai lura ba.

A nan, da izinin shugabanni da amincewar iyalan marigayi, mai sa hannu a wannan takarda zai yi magana da bakin kansa, domin abin da ya biyo baya da shi aka yi.

Shekara talatin da uku da suka wuce, ina ɗan shekara ashirin da huɗu, aka haɗa ni da Abu Sakhr rakiyar wasu injiniyoyin ruwa a hanyar Mafraƙ. Mun tsaya sallar azahar, na cire bindigata na yi alwala. Da muka idar, shi ya riga ya zauna a kujerar direba, ni kuma na zo shiga ta baya cikin gaggawa, ƙafa ɗaya a mota ɗaya a ƙasa, ina tura bindigar cikin kube ba tare da na duba ba. Kuben tsoho ne da na saya a hannun wani, fatarsa ta yi laushi kamar tsumma. Bindigar ta tashi. Harsashin ya huda kujera ya farfasa masa ƙashin kwatangwalo. Ina riƙe da shi jini na bin hannuna, abin da ya fara faɗa shi ne: “Zuhair, cire sauran harsasan tukuna, kada ka ƙara wa wani.” Wata huɗu ya yi a gadon asibiti, ya tashi da ɗingishin da bai rabu da shi ba har ya koma ga Allah, aikin rakiya kuwa ya ƙare masa ke nan, ga mata ga yara ƙanana uku.

Dattawan gidanmu suka ɗauki ƙafa zuwa zauren danginsa neman sulhu. Aka zuba gahawa, babbanmu, wato baffana, ya ajiye ƙoƙon a ƙasa bai sha ba, yana jiran amsa, domin a al'ada mai neman sulhu ba ya sha sai an amsa masa buƙatarsa. Wasu samarin gidan zuciyarsu na tafasa, kuma babu mai ganin laifinsu. Sai ga Falah an shigo da shi yana dogara sanduna biyu, ya dubi baffana ya ce: “Baffa, sha gahawarka kafin ta huce. Yaron nan bai nufe ni ba. Abu ɗaya nake so a wurinsa, ya kawo mini kuben nan in gani.” Bai nemi komai ba bayan wannan. Washegari na kai masa. Ya jujjuya shi, ya nuna mini inda bakin kuben ya lanƙwashe ya shiga ciki, daidai inda kunamar bindiga take wucewa. Ya ce: “Ka gani? Yatsanka bai taɓa ta ba, fatar ce ta ja maka. Rabin laifin naka ne da ba ka duba ba, rabi na wanda ya ɗinka wannan abin kunya.”

Daga wannan rana marigayin ya koma rumfar mahaifinsa, ya ɗauki basillar da ya raina. Shekara biyu yana gwaji yana zubarwa, har ya dace da kube na fatar shanu mai kauri, wanda yake jiƙawa ya matse a jikin bindigar har ya ɗauki siffarta, ya rufe kunama ruf ta kowane ɓangare, bakinsa kuma ya tsaya a buɗe ko an zare bindigar. Ba ya ɗinka kube ɗaya na kowace bindiga. Kowace da nata. Ba ya kuma miƙa wa mutum kube ya tafi haka nan, sai ya sa shi ya ɗaura a gabansa da bindiga marar harsashi, ya zauna, ya tashi, ya durƙusa kamar mai sujada, ya shiga mota ya fito. In ya ga abin yana zamewa, ya karɓe ya sake. Mutane da yawa sun fita daga rumfar nan suna gunaguni cewa tsohon ya cika tsanani, kuma da gaskiyarsu, domin harshensa ba ya da linzami in ya ga sakaci.

Da aka kafa wannan ƙungiya, shi ya dage aka rubuta a dokarta cewa babu wanda za a ba katin shaida sai ya zauna a ajinsa. Kowace Asabar da safe, shekara ashirin da shida, yana hawa matakalar ofishinmu da ƙyar, sanda a hannu ɗaya, buhun tsofaffin kube a ɗaya. Bai taɓa koyar da harbi ba, yakan ce masu koyar da wannan suna da yawa. Shi darasinsa shi ne yadda mutum zai wuni da bindiga a jikinsa ya koma gida da yamma ba ta yi magana ba. Duk wanda ya zauna a gabansa zai tuna muryarsa: “Zaro ta da sauri in dole ta sa. Amma mayarwa, ina za ka? Wa ke korar ka? Ɗaga rigarka, duba da idonka, yatsa a miƙe a gefe, ka saka a hankali. In ka ji ta cije, tsaya, kada ka danna, akwai abin da ya shiga.” Ya yi faɗa da masu cusa bindiga a aljihu tare da makulli da carbi, ya yi faɗa da masu soke ta a bakin wando ba kube, ya fi tsananta wa masu yawan taɓa ta a cikin jama'a don su tabbatar tana nan. Irin waɗannan yakan ce musu: “Ba amarya ba ce da za ka riƙa leƙawa. In kubenka na kirki ne, tana inda ka bar ta.”

Mai girma shugabanmu ya ba da izini a ambaci abin da ya faru tsakaninsa da marigayin. Ranar da ya fara zuwa ajin, sabon fitowa daga soja da girmansa, yana ɗaure da wani kube da mahaifinsa ya bar masa, mai ado da zaren azurfa. Marigayin ya ce ya kawo. Kanar ya ce: “Haba Usta, shekara ashirin ina ɗaure da shi, bai taɓa ba ni kunya ba.” Abu Sakhr ya cire harsasan, ya duba sau biyu, ya nuna wa ajin babu komai a ciki, ya mayar da bindigar kube ya juya bakinta ga buhun yashi, sannan ya danna fatar daga waje da babban yatsa. Kowa ya ji ƙas, fatar ta ja kunama. Ya ce: “Ranka ya daɗe, shekara ashirin Allah na rufa maka asiri. Kai shi gida ka rataye a bango, ka riƙa yi wa mahaifinka addu'a in ka gan shi. Amma ba za ka sauka matakalar nan da shi a ƙugunka ba.” Kanar ya sauka da bindigarsa a cikin akwati, ya dawo Asabar ta gaba ya zauna a sahun gaba.

Lokacin da mata suka fara shiga aikin rakiya, marigayin ya yarda a fili cewa bai san yadda za a ɗaura kube ƙarƙashin abaya ba, kuma ya ƙi amincewa a riƙa jefa bindiga cikin jaka tare da madubi da kwalbar turare. Sai ya jawo 'yarsa Malama Maisun, wadda ta taso tana yanka masa fata, suka zauna da 'yan'uwanmu mata har suka fitar da ɗamara mai kube da ba ta motsi kuma tufafi ba sa shiga bakinta. Yakan faɗa da alfahari cewa ɗinkinta ya fi nasa kyau, ko da yake bai taɓa faɗa a gabanta ba. Ƙungiya na shaida cewa a cikin duk waɗanda suka bi ta hannunsa, ba mu sami labarin ko mutum ɗaya da bindigarsa ta tashi a kube ba.

A kowane sabon aji yakan ba da labarin ƙafarsa, daga tsayawa sallah har zuwa asibiti. Sau da yawa ina zaune a wurin, ina rarraba takardu. Ɗalibai sukan tambaye shi wane ne ya yi masa haka, shi kuma amsarsa ɗaya ce: “Wani ƙanena ne, kuma yanzu ya fi ku duka iya riƙon bindiga.” Bai taɓa duban inda nake ba in yana faɗa. Shi ya tsaya mini a matsayin babban wa ranar ɗaurin aurena, shi ya yi wa ɗana na fari huɗuba.

An yi jana'izarsa ranar da ya rasu bayan sallar la'asar. Da aka iso bakin kabari, Injiniya Sakhr ya ratso mutane ya kama hannuna ya ce: “Baffa Zuhair, Baba ya bar wasiyya. Ya ce mu uku za mu sa shi, ni da Muhannad da kai.” Na ce masa ban cancanta ba. Ya ce: “Ya san haka za ka ce. Ya ce in gaya maka kada ka tsayar da mutane a rana.” Na cire takalmina na shiga, na karɓe shi ta wajen ƙafafu.

Iyalan marigayi za su ci gaba da karɓar gaisuwa har kwana uku, maza a zauren dangi da ke unguwar kudu daga la'asar zuwa isha'i, mata a gidansa. Sun roƙa, ƙungiya kuma ta umarci 'ya'yanta, kada wanda ya harba bindiga sama da sunan girmama shi, kada kuma wanda ya zo wurin gaisuwa da makami in ba a bakin aiki yake ba. Malama Maisun ta sanar da cewa za ta buɗe rumfar bayan arba'in, ajin Asabar kuwa zai ci gaba a lokacinsa.

Muna roƙon Allah Maɗaukakin Sarki Ya jiƙan bawanSa Falah ɗan Mithƙal, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya yafe masa kamar yadda ya yafe wa wanda ya cuce shi, Ya sa rayukan da ya tsare da basillarsa da harshensa su zama nauyi a mizaninsa, Ya haskaka makwancinsa, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Muna roƙon Ya ba Hajiya Nufa da 'ya'yanta da jikokinta haƙuri da juriyar wannan babban rashi, Ya albarkaci bayansa, mu kuma in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Amin.

Sa hannu:
Zuhair Nayif Talab
Sakataren Yaɗa Labarai kuma Mai Magana da Yawun Ƙungiya
Ƙungiyar Jami'an Rakiya Masu Farin Kaya ta Arewa, Irbid