Julius Bai Sha Komai Ba

Dutsin-Ma,
14 ga Nuwamba, 1987

Zuwa ga matata Justina,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangiji. Yaya jikinki, yaya aikin asibiti? Yaya Magdalina da tarin nan nata, ya sauka? In kin sami mai zuwa Zonkwa ki gaishe mini da Mama.

Na iso lafiya. Na san kina fushi, tunda ko tasha ba ki raka ni ba. Kin ce mahaukaci ne kaɗai zai bar kamfanin sadarwa da ke da ofis a Legas da Kaduna da Jos, ya bar gidan kamfani da fansho, ya tafi wani shago da ko allon suna bai da shi. Shagon kam kin faɗi gaskiya. Ɗaki ne guda a bayan sito na Alhaji Rabo mai hatsi, kullum ƙaiƙayin gero na shiga mana cikin kayan aiki. Ɗansa Ma'u ne mai wurin. Kin tuna shi, dogon nan da ya yi koyon aiki a hannuna, wanda kika ce ba ya cin yaji. Shi ya ga cewa 'yan kasuwar nan ba su da tarho, sai sun aika mutum a kan babur kafin su san farashin dawa a Kurfi. Sai ya fara harhaɗa oba-oba, rediyon nan ta yin magana da na nesa, daga tsofaffin na'urori, wadda batirin mota ke ɗauka. Kansa na ja, Justina. Hannu mai ƙwari ne ba shi da shi, shi ya sa ya neme ni.

Amma ba zan ɓoye miki ba, ba don Ma'u na zo ba. Na zo ne don ƙaninki Julius.

Ina tsaye a gindin ƙarfen eriyar nan na Kachiya lokacin da hadari ya haɗo. Da kunnena na ji Julius ya ce a bari ruwa ya wuce. Da kunnena na ji Cornelius, shugabanmu a wurin aikin, ya ce Bature zai zo duba aiki da safe, in bai hau ba ya ajiye kayan kamfani ya tafi gida. Ya hau, ya faɗo. Ni na ɗauke shi daga ƙasa. Sannan Cornelius, mutumin da ya tsaya mini a ranar aurenmu, ya je gaban manya ya ce Julius a buge yake. Julius ɗan kwayar coci, mai waƙar yabo, wanda ko ƙofar gidan burukutu ba ya bi! Na yi magana, aka ce ni suruki ne, shaidata ba ta shiga. Kin ga yadda aka binne shi a gaggauce kamar abin kunya. Kin ga Mama ta daina zuwa zumuntar mata saboda kallon da ake mata. Shi kuwa Cornelius aka ba shi manajan Arewa gaba ɗaya, aka ce in riƙa gaishe shi kowace safiya.

Ba zan iya ba. Duk abin da na koya a kamfanin nan, da shi zan kwance wa Cornelius kujerarsa. Ban san yadda zan yi ba tukuna, amma zan yi.

Ki sa wa Magdalina rigar sanyi.

Mijinki,
Kefas


Dutsin-Ma,
20 ga Fabrairu, 1988

Justina tawa,

Ina gaisuwa, ina fatan kuna lafiya kamar yadda nake. Wasiƙarki ta same ni, da yajin da kika ƙunso. Na gode. Ayoyin da kika jero mini kuma na karanta su duka. Na san su tun ina ajin baftisma. Ki bar su tukuna.

Aiki ya kama. Mun kafa eriya a kan sito na Alhaji, ɗaya a shagon ƙaninsa a kasuwar Kurfi, ɗaya kuma a ɗakin shan magani na Tamawa, wannan kyauta Ma'u ya sa. Ranar farko da murya ta fito daga Kurfi, Alhaji Rabo ya zagaya bayan akwatin ya leƙa, sannan ya zauna ya yi ta tambayar ƙaninsa lafiyar kowa a gidan, har awaki, ya manta da farashin da ya sa aka yi abin. A makon da ya wuce kuma wata mata a Tamawa, Sauda, haihuwa ta zo mata da gardama. Malamin asibiti ya kira mu, Ma'u ya ɗauki a-kori-kurar mahaifinsa ya ɗauko ta. Ta sauka lafiya, namiji. Ma'u ya yini yana murmushi kamar shi aka yi wa haihuwar. Ni ma na ji daɗi, kada ki ce zuciyata ta mutu.

Wannan labari ne ya kai Katsina. Sabuwar jiha na son a haɗa ƙananan asibitocin ƙauye da oba-oba, kuma an ce za a yi gwaji a Kurfi kafin a ba da kwangila. Mu biyu ne a ciki: mu da tsohon kamfanina. Da na ji haka sai da na fita waje na zauna. An gaya mini Cornelius ya riga ya yi wa Legas alkawarin cewa aikin yana aljihunsa.

Ga abin da na yi, gara ki ji daga bakina. Kamfanin yana da na'urori masu kyau, amma na'ura ba ta magana sai eriya ta hau sama, kuma masu hawan da suka san aiki a Arewa ba su da yawa. Na je Kaduna a ɓoye, ban biyo gida ba, ki yafe mini. Na sami Ilu da Manu, waɗanda suka yi shekaru suna hawa tare da Julius. Ban yi musu wani dogon bayani ba. Na tambaye su kawai, in ɗayansu ya faɗo gobe, me suke tsammani za a gaya wa mahaifiyarsa. Ilu ya shiga ɗaki ya fito da jakarsa. Yanzu suna nan tare da mu, kuma sauran masu hawan ma sun fara zamewa daga kamfanin ɗaya bayan ɗaya.

Ma'u yana tsammanin ƙwararru kawai na samo masa. Ban ƙaryata shi ba.

Ki shafa mini kan Magdalina.

Naki,
Kefas


Kurfi,
16 ga Mayu, 1988

Justina,

Gaisuwa. Ina fatan kowa lafiya. Daga Kurfi nake rubuto miki, ban iya jira in koma ba.

An yi gwajin ranar kasuwa. Cornelius ya iso a farar fijo ta kamfani, da kwat, ya yi ƙiba. Ya zo da wasu sababbin masu hawa daga Legas. Mu tun kafin nan mun gama namu. Su kuwa suna fara ɗaga ƙarfensu iska ta taso daga gabas, irin wadda ke zuwa gaban ruwan farko, tana kwashe rumfunan masu tumatir. Mutanensa suka dubi sama suka ce ba za su hau ba. Ya yi ta musu tsawa da Turanci, jijiyar wuyansa ta tashi, irin muryar nan dai da na ji a Kachiya. Amma wannan karon a gaban jami'an Katsina ne, da hakimi, da rabin kasuwa. Babban jami'in ya ce masa ba za a kashe wa gwamnati mutum a kan gwaji ba. Ƙarshe a kan rufin makaranta suka ɗaura eriyarsu. Da aka kunna, ba abin da ya fito sai shuuu. Da aka kunna tamu, malamin asibitin Tamawa ya yi sallama kamar yana tsaye a bayanmu, jama'a suka amsa masa baki ɗaya.

Bayan an watse ya zo inda nake naɗe waya. Ya miƙo hannu, ya ce, "Kefas, ashe kai ne." Na ce, "Ni ne. Yau ma a buge suke?" Hannun ya tsaya a iska, ya rasa inda zai kai shi, ya sa a aljihu.

Justina, na ci tuwo a ranar har na nemi ƙari. Tun rasuwar Julius ban ji ɗanɗanon abinci haka ba.

Kwangila tamu ce. Ma'u zai kama mana gida mai ɗaki huɗu, zai buɗe ƙaramin ofis a Katsina. Ki fara neman canjin wurin aiki.

Kefas


Dutsin-Ma,
3 ga Satumba, 1988

Zuwa ga Justina, uwar Magdalina,

Ina gaishe ki da gaisuwa mai kyau. Yaya damina a wajenku? Nan gero ya yi kai, ana ta godiya. Na daɗe ban rubuto ba, kin kuma san dalili. Kin ji rabin labarin a Zonkwa, bari in ba ki rabin da ya faru a nan.

Bayan Kurfi, Legas ta sallami Cornelius. Suka karɓe mota da gida a mako guda, kamar yadda suke yi. A watan jiya sai ga shi a ƙofar shagonmu, a motar haya, takalminsa duk taɓo. Ba wurina ya zo ba, wurin Ma'u ya zo neman aiki. Ma'u kuwa yana bukatar irinsa, domin aikin ya yi girma, akwai lasisi da za a nema a Legas da shige da fice a ofisoshin Katsina, kuma ba wanda ya san hanyoyin nan kamar Cornelius. A ranar ne na zaunar da Ma'u na gaya masa komai. Sannan ya ce ba zai ɗauke shi a kan raina ba, in faɗi abin da zai wanke mini zuciya.

Na ce Cornelius ya je Zonkwa ranar Lahadi, ya tsaya a gaban ikilisiya, a gaban Mama, ya faɗi wanda ya tura Julius sama da abin da ya ƙaga masa. In ya yi, a ɗauke shi. Ma'u ya kira shi ya faɗa masa haka a gabana, suka yi musafaha. Na tabbata a raina ba zai iya ba. Na san girman kansa.

Sai ga wasiƙarki. Kin ce ya je. Kin ce ya tsaya bayan wa'azi, ya ce Julius bai sha komai ba, shi ne ya tilasta masa, shi ne ya yi ƙarya don ya tsira da aikinsa. Kin ce 'yan kwaya sun fashe da kuka. Na karanta wurin nan na sake karantawa, na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Amma da na kai inda kika ce Mama ta tashi da sandarta, ta je ta kama hannunsa, ta kai shi gida ta zuba masa abinci a kwanon Julius, sai na ajiye takardar. A kwanon Julius, Justina! Ke ma kin ce kin yafe. Ku kuka haife shi, ku kuka shayar da shi, ba zan hana ku ba. Amma ba ku ne kuka ɗauke shi daga ƙasa ba. Ba ku ji nauyinsa ba.

Da ya dawo na ce wa Ma'u na fasa, kada a ɗauke shi. Na ce ya faɗi gaskiya ne don yunwa, ba don tuba ba. Ma'u bai yi gardama da ni ba, ya kai ni wurin mahaifinsa. Alhaji Rabo yana zaune a kan buhu, ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Malam Kefas, an cuce ku, wannan ba shakka. Amma ɗana ya ba mutumin nan hannu, kuma da bakinka aka yi sharaɗin. A gidan nan ba mu da wani jari da ya wuce maganarmu. In kana so ka tafi, ba mu ji daɗi ba. In ka zauna, kai ne babba a kan aiki." Ya ci gaba da jan carbinsa.

Na yi tunanin tafiya. Har na ɗaure akwati. Sai na dubi eriyar da muka kafa da hannunmu, na ce Cornelius ba zai kore ni daga wuri na biyu ba.

To, an ɗauke shi. Yana ofishin Katsina, shi kaɗai da tebur da oba-oba guda. Ba ya iya sayen ko ƙusa sai da izinina. Ma'u yana gaishe ni da ladabi kamar kullum, amma ya daina zama mu ci abinci tare, kuma wannan yana damuna fiye da yadda na zata. Na kashe wani abu tsakanina da yaron nan, na sani. Kada ki tambaye ni ko na yi nadama, amsar ba za ta yi miki daɗi ba.

Kowace safiya dole ofishin Katsina ya kira nan ya karɓi aikin yini. Layi ɗaya ne, duk asibitocin da muka haɗa suna ji, daga Kurfi har Tamawa. Sai ki ji muryarsa: "Dutsin-Ma, Dutsin-Ma, Katsina ke kira. Oga Kefas, kana ji na?" Ina zaune, abin magana yana gabana, shayina yana hannuna. Nakan bar shi ya yi ta kira. Ilu yakan dube ni ya kau da kai. Sai shayin ya ƙare nake amsawa.

An gama fentin gidan. Akwai bishiyar lemo a tsakar gida, Magdalina za ta so ta. Ki zo, ko da kina fushi da ni. Ki gaishe da Mama, ki ce mata na ji ta koma zumunta, kuma na yi murna.

Mijinki har kullum,
Kefas