Jarrabawar Takwararki

Yaya,

Don Allah ke kin taɓa jin an yi wa yarinyar da ko shekara uku ba ta cika ba jarrabawa? Yi haƙuri, tambaya ta riga gaisuwa. Ina gaishe ki da kyau. Ya jikin Inna, ƙafar ta yi sauƙi? Ya maigidan da yara? Mu dai lafiya, aikin wankin mota yana tafiya, sai dai hannuwana sun yamutse kamar na tsoho.

Maganar 'yata ce, takwararki. Kin san matata Amarya ta samu aikin shara a wani kanti, shi ya sa muke kai yarinyar gidan raino da safe. To malamar rainon ce ta tare ni a ƙofa, ta ce yarinya ba ta magana, in an kira ta ba ta juyowa, mu kai ta asibitin yara a gwada ta. Na ce ai gado ne, ke kika ba ni labari ni ma sai da aka fid da rai kafin na ce Inna. Murmushi kawai ta yi, ta faɗa mini ranar zuwa.

Na tambayi telan da ke ƙasan benenmu, don ya daɗe a garin nan. Ya zare allura daga baki ya ce ɗan wani abokinsa ya faɗi irin wannan jarrabawa, aka kai shi wani gida na musamman, iyayen sai ranar hutu suke ganinsa. 

Ya faɗa mini abin da ake yi. Za a ba ta 'yan katakai ta ɗora wani kan wani, a ce ta nuna hancinta, sannan a zaunar da ita a cinyar uba, a kaɗa wani abu a bayanta a ga ko za ta waiga. Jera abu kam ta fi ni iyawa. Hanci ma in na taɓa nawa tana taɓa nata. Waigawar ce matsalar. Na buga cokali a kwano a bayanta har maƙwabcinmu ya bugo bango, ita ko a jikinta. Amarya ta ce taurin kai ne na danginmu. Na ce haka ne.

Kada Inna ta ji. Ki sa mu a addu'a.

Ƙaninki,
Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kowa lafiya, albishirinki. Takwararki ta ci.

Dabara na yi. Kullum in na dawo aiki sai in ɗora ta a cinya, in matsa mata ƙafar dama da yatsa, Amarya ta leƙo ta dama da alewa. In matsa hagu, ta leƙo ta hagu. Ba a daɗe ba yarinya ta gane wasan, tana waigawa tana ƙyalƙyala dariya.

Ɗakin gwajin akwai 'yan kujeru kamar na 'yartsana, da hoton giwa a bango. Likitar mace ce mai tabarau, ta zauna a ƙasa kamar ba likita ba. Katakai da hanci duk suka tafi daidai. Da ta tambayi kalmomin da yarinya ta iya, na ce da yawa, kunya ce take ji. Sai aka ce in riƙe ta kada in motsa, wata ma'aikaciya ta koma bayanmu da 'yar ƙararrawa. Gumi har cikin takalmina. Hannuna yana ƙarƙashin bakin rigar yarinyar, ba mai gani. Aka kaɗa ta dama, na matsa, ta waiga. Aka kaɗa ta hagu, na matsa, ta waiga. Da ba ta ga alewa ba ta tura baki, har likita ta yi dariya.

Likita ta ce wataƙila harshe biyu ne ya yi mata yawa, namu a gida, na mutanen garin nan a gidan raino. Ta ce tunda kunne lafiya, baki zai biyo baya. Na ɗauko 'yata na fito da sauri, ko godiya ban yi da kyau ba.

Ya kamata in yi murna, ko? Amma maganar nan tata ta kunne ta tsaya mini a rai. Amarya ma tun da muka dawo sai goge tukunyar da ta riga ta fita take yi.

Ki gaishe da kowa.

Naki,
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa, ya gida, ya Inna. Ki yi haƙuri da rubutun, a kan gwiwa nake yi, a bencin asibiti. Kada gabanki ya faɗi, ba wanda ya ji ciwo.

Jiya da hantsi, kafin uwarta ta kai ta gidan raino, motar kwashe shara ta shigo harabar gidanmu da baya. Takwararki tana tsugune tana jera marafan kwalba, ta ba motar baya. Ni ina bakin ƙofar waje, na dawo ɗaukar rigar aiki. Direba yana danna oda amma bai gan ta ba. Mata suna ihu daga saman bene. Na kira sunanta har muryata ta fashe. Yaya, ba ta ko ɗaga kai ba. Tela ne ya diro daga kan keken ɗinki ya fizge ta, taya ta bi ta kan marafan. Ita kuka take don an ɓata mata wasa. Da na dubi kaina, ashe yatsana ne nake ta matsawa a cinyata, can nesa da ita.

Na je na faɗa wa malamar raino duk abin da na yi. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta ce ba wanda ke ƙwace yaro don ba ya ji. Ta ce akwai 'yar na'ura da ake sa wa yaro a kunne, akwai kuma magana da hannu da ake koya wa yaro da iyayensa, kuma in an yi da wuri ya fi. Na koma wajen tela, ya sosa ƙeya ya ce shi ma labarin ji ya yi, bai taɓa ganin yaron ba. Amma bai ce ƙarya ne ba. Ni ban san wa zan gaskata ba. Ban kuma san abin da ake yi wa uban da ya cuci likita a ɗakinta ba.

Amarya ta ce mu ɗauko mata kayan sawa, ko za su riƙe ta. Na ce kada in ji. Ga shi yanzu ina ganin bakin rigar barcinta ya leƙo daga jakar uwar, na yi kamar ban gani ba.

Yarinyar tana jingine da ƙirjina. Tun ɗazu nake yi mata magana a saman kai, don ta saba sa tafin hannu a wuyana in ina magana. A da ina cewa so ne kawai, ashe motsin muryata take ji da hannunta.

Yanzu kam ki faɗa wa Inna. Ki ce mata jikarta ba ta da taurin kai.

Ga likitar ta buɗe ƙofa, ta gane mu, har tana ɗago mana hannu da fara'a. Dole in tashi. Sai na sake rubutowa, in Allah ya yarda.

Ƙaninki,
Auta