Filon da Na Ɗinka wa Injiniya

Lahadi, 14 ga Satumba

Maigida lafiya, yana hanya da babbar motarsa, sai farkon wata mai zuwa. Iya, uwarsa, idonta na hagu har yanzu yana ruwa, bakinta kuwa lafiya lau. Ƙarama, 'yata, ta warke daga mura. Ni gwiwa ce kawai, ta taka keken ɗinki. Ɗana Injiniya ban san me zan rubuta a kansa ba. Da safe da na bar shi a ƙofar makarantar kwana ta su Fada, limaman coci, lafiyarsa ƙalau.

Shekararsa goma sha biyu. Tun yana da shida yake kwance mana rediyo, sunan ya bi shi. Yau ya ɗauki akwatinsa da filonsa ya shiga, bai waiwayo ba. Ba ziyara sai bayan mako shida. Ba waya. Wasiƙa kawai, duk Lahadi.

Sun ba kowa ɗan littafi na tarihin makarantar da dokokinta, shafi ashirin da huɗu, rubutun ƙanana kamar tururuwa. Ni zan karanta da kaina. Shekara uku ke nan da na fara ajin yamma na yaƙi da jahilci, malamarmu ta ce hannun da ba ya rubutu mutuwa yake yi.

Talata, 16 ga Satumba

Shafi biyu yau a shago, tsakanin masu kawo gyara. Fada uku suka kafa makarantar, shekara sittin da suka wuce, da yara ashirin da biyu a cikin rumfar kwano. Ƙararrawarsu tsohon ƙarfen taya ne da aka rataya a bishiya. Wai har yau shi ake bugawa, ko da yake sun sayi ta gaske.

Na zuba abinci kwano huɗu, alhali mu uku ne a gida. Ƙarama ta kalle ni, ta ɗauke ɗaya.

Juma'a, 19 ga Satumba

Bari in rubuta, tunda ba mai gani sai ni.

Injiniya yana da asma tun yana ɗan shekara huɗu. A fom ɗin makaranta akwai wurin da aka tambaya ko yaro yana da ciwo mai daɗewa. Na rubuta babu. Matar mai shagon gefe ce ta ce mini sun taɓa mayar da ɗan ƙanwarta saboda sikila, in na faɗa zan ja wa yaron asara, shi da ya zo na bakwai cikin yara ɗari huɗu. Maigida ba ya nan. Ban gaya masa ba.

Fom na farko da na cika da hannuna a duniya, ba mai karanta mini, ba dangwala yatsa. Abin da na fara rubutawa ƙarya.

Maganinsa na shaƙa guda biyu na farke filo na tura cikin auduga, na bar 'yar kafa daidai yatsa biyu, na ɗinke da baƙin zare don ya gane wurin. Na sa ya rantse mini ba zai gaya wa kowa ba. Ya ce, Mama, ko Fada ne ya tambaya? Na ce ko Fada ne.

Lahadi, 21 ga Satumba

A coci na yi ta kallon bayan kawunan yaran mutane.

Laraba, 24 ga Satumba

Wasiƙa ta zo! Sau huɗu na karanta, na biyar Iya ta sa na karanta mata da ƙarfi.

An raba su gida huɗu, Ja, Kore, Shuɗi da Rawaya. Shi ɗan Kore ne. Kowane gida da malaminsa da shugabansa daga cikin manyan ɗalibai, kuma kowane sabon yaro ana ba shi yaya daga aji na ƙarshe, mai nuna masa yadda ake gyara gado da inda ake shanya. Nasa wai suna kiransa Tanki. Ya riga ya gyara wa Tanki tocila. Bai ce komai kan ƙirjinsa ba, amma ba zai iya ba, don ba a liƙe wasiƙa sai malamin gida ya duba.

Iya ta ce yaron da aka ba wa Tanki ai ba mai taɓa shi. Ta ce ni ce dai na mai da shi ƙwai.

Asabar, 27 ga Satumba

Shafi na tara. A sama Fada shugaba, ƙarƙashinsa mataimaki biyu, ɗaya na karatu ɗaya na tarbiyya, sai malaman gidaje, sai Sista mai ɗakin jinya. Akwai kuma kwamitin iyaye. Duk waɗannan mutane a kan ɗana, ba ko ɗaya da ya san yadda ƙirjinsa yake kuka in sanyi ya shige shi.

Na ɓata hannun rigar wata, na yanka gajere. Sai da na ba ta haƙuri.

Laraba, 1 ga Oktoba

Wasiƙa ta biyu.

Ya ce karatu lafiya, lissafi da sauƙi. A ƙasa sai ya ce, "Mama, ranar Asabar an yi duba, an karɓe filon da kika ɗinka mini an kai sito, sai hutu za a ba ni. Nan kowa da irin na makaranta yake kwana. Kada ki damu."

Na buɗe littafin ina nema, na samu a shafi na goma sha biyu. Da tun da wuri aka ba mu littafin da na gani kafin ya tafi, amma sun ba mu shi ne a ƙofa. Dokar tun ta Fada ukun nan ce: bargo, filo, kwano, cokali, duk iri ɗaya, don kada a gane ɗan mai shi da ɗan maras shi. Doka mai kyau. Ni ta kama.

Kwana huɗu ke nan ba shi da magani, ko ma fiye, ban san wace Asabar yake nufi ba.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Ban buɗe shago ba. Na zauna da littafin.

Shafi na goma sha huɗu. Duk shekara, Asabar ta uku a Oktoba, ana tseren tunawa da waɗanda suka kafa makarantar. Mil biyar, a zagaya tudun bayan makaranta da sassafe. Kowane yaro sai ya yi, sai wanda Sista ta rubuta sunansa. Duk wanda ya kai ƙarshe gidansu ya sami maki ɗaya, don haka ba a barin kowa ya tsaya. Na duba kalanda. Sha takwas ga wata. Ziyara kuwa sai ashirin da shida.

Shafi na goma sha biyar. Iyayen da suka ba da bayanin ƙarya a fom, makaranta tana da ikon sallamar ɗansu.

In na yi magana, gurbinsa. In na yi shiru, numfashinsa. Kuma na san ɗana, zai faɗi a kan tudun nan bai karya rantsuwar da ya yi mini ba.

Asabar, 4 ga Oktoba

Na je. Awa biyu a mota, sabon maganin shaƙa a cikin jakata, na naɗe shi a safa. Tunanina in sami wani ya miƙa masa a ɓoye.

Mai gadin ƙofa dattijo ne mai raha. Ya ce ko uwar Fada ce ta zo sai ranar ziyara. Ya ce duk shekara a mako na uku iyaye mata suke fara zuwa, har ya san tafiyarsu daga nesa. Sai ya dube ni da kyau ya ce, Mama, in maganar lafiya ce ki faɗa, yanzu in kira Sista.

Na ce a'a, wucewa nake yi.

Wucewa zuwa ina? Bayan makarantar ba komai sai tudu.

Ina tsaye aka buga ƙarfen tayar nan. Yara suka fito da gudu, duk riga iri ɗaya. Ban iya gane nawa ba. Na dawo da safar yadda na tafi da ita.

Litinin, 6 ga Oktoba

Maigida ya dawo da azahar. Na bari ya yi wanka ya ci abinci, sannan na faɗa masa duka, tun daga fom har filo har mai gadi. Na zaci zai yi faɗa. Da ma ya yi. Sai kawai ya ce shekara goma sha takwas yana tuƙi, bai taɓa ɓoye wa makanike ƙarar da injin yake yi ba.

Na ce in suka kore shi fa? Ya ce sai mu karɓi ɗanmu da ƙafarsa. Na ce to ya je ya ga Fada, namiji da namiji.

"Ke kika rubuta babu," in ji shi. "Ke za ki rubuta akwai. Ni zan kai ki."

Ashe Iya tana ji daga ɗakinta. Ta ɗaga murya ta ce wannan karatun na tsufa da na je na yi, da ma an bar ni da allura. Can an jima sai ta kira ni ta ce, 'yar nan, yaron yana da rigar sanyi kuwa?

Talata, 7 ga Oktoba

Takarda biyar na yaga. Ƙarama ta ce in kawo ta rubuta mini, hannunta ya fi kyau kuma ta san yadda ake buɗe wasiƙar manya. Gaskiya ne. Na ce ta je ta ɗora ruwa.

Da na gaji sai na koma littafin, saura shafi huɗu. A na ashirin da biyu akwai abin da ban zata ba. A shekarar farko ɗaya daga cikin yara ashirin da biyun nan ya yi zazzaɓi ya ɓoye, yana tsoron a mayar da shi gida. Kwana biyar. Da aka gane an makara. Kuɗin da Fada ukun suka tara don ginin coci, ɗakin jinya suka fara ginawa da shi, jikin ɗakin kwanan yara, shekara shida suna sujada a rumfa. Ba su rubuta sunan yaron ba. Ba su ce komai kan uwarsa ba.

Na daɗe da yatsana a kan layin.

Laraba, 8 ga Oktoba

Mun kai. Maigida ya tsaya a mota. Mai gadi ya gane ni, ya ce yau ma wucewa ce? Na ce a'a, Baba, yau zuwa na yi, a kira mini Sista. Ba ta nan, ta kai wani yaro asibiti, amma mataimakiyarta ta fito. Na ba ta maganin a farar leda da katin asibitinsa, kowa yana gani. Ta rubuta sunansa da gidansu, ta ce kafin a tashi daga aji za a kira shi. Maganar fom kuwa ta ce ba tata ba ce, ta Fada ce. Na ba ta wasiƙar, da wata 'yar takarda ta Injiniya mai layi ɗaya: na sake ka daga rantsuwar, ka faɗa musu komai.

A hanyar dawowa wai na yi barci har da minshari. Maigida ne ya faɗa, ban yarda ba. Yau ban zuba kwanon Injiniya ba, ban lura ba sai da na zo wankewa.

Ga abin da na rubuta wa Fada, na kwafe don kada in manta da abin da na ce.

Fada, ina gaisuwa da girmamawa. Ni ce uwar yaron nan na aji ɗaya, gidan Kore, wanda 'yan'uwansa suke kira Injiniya. Yana da asma tun yana ƙarami. A fom na rubuta babu, ƙarya na yi, kuma ni kaɗai na yi, ubansa bai sani ba. Yaron bai ɓoye muku don kansa ba, ni na sa shi rantsuwa. Akwai magani biyu a cikin filonsa da ke sito, wurin baƙin zare. Na karanta littafinku duka, na ga shafi na goma sha biyar, na san abin da kuke da ikon yi. Na kuma ga na ashirin da biyu. Sanyin safe da ƙura da gudu su ne suke tayar masa. In ya fara, ba ya magana, kafaɗarsa ce take ɗagawa, a gaya wa Tanki ya riƙa duba kafaɗarsa. In kun riƙe shi, na gode. In kun sallame shi, zan zo in ɗauke shi ba tare da gardama ba. Abu ɗaya nake roƙo, kada ya hau tudun nan sai Sista ta saurari ƙirjinsa. Ku yi haƙuri da rubutuna, da girma na koya. Don Allah a ba ni amsa kafin Juma'a, sha bakwai ga wata, ko layi ɗaya ne. Zan iya karantawa da kaina.