Kyamarar da Ka Sa a Falon Mama

Biblián, 14 ga Yuli

Zuwa ga ƙanena Kléver,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri daga yayarka. Ina roƙon Ubangiji ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da matarka Nube da yara, ya kuma tsare ƙafarka a kan dogayen gine-ginen da kake hawa a New York. Mu nan lafiya lau, sai sanyin bana da ya matsa mana. Maigidana Floresmilo yana nan da tasinsa, kullum cikin faɗa da matar nan da ke magana a wayarsa tana nuna masa hanya, wai ita wace ce da za ta koya masa hanyar garin Azogues. Duk da haka ba ya fita sai da ita. Na san za ka ce me ya kai Targelia rubuta takarda a zamanin waya. Dalili ɗaya ne: a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen maganarsa.

Maganar kyamarar da ka sa aka liƙa a falon sabon gida ce, wadda kake duba Mama da ita daga wurin aiki. Kada ka ce ƙauyanci ne ya motsa mini. Injin wankin da ka aiko, wallahi ko ɗan da na haifa bai taimake ni kamarsa ba. Amma wannan abu na cire shi ranar Talata da hannuna, na sa a kwali, kuma ba zan mayar ba.

Kléver, Mama ba ta zaune a gidan da ka gina mata. Ba ta taɓa kwana a ciki ba, ko sau ɗaya. Tana baya, a tsohon ɗakin girkinmu na ƙasa, kusa da murhu, da ɓerayen masar da take kiwo suna yawo a gindin ƙafarta, tana saƙar malfa kamar yadda ka bar ta shekara goma sha huɗu da suka wuce. Duk mun sani, muka yi shiru don kada ranka ya ɓaci. Da kyamara ta zo, sai ta tambaye ni lokacin da kake cin abinci a wurin aiki. Ban kawo komai a raina ba na faɗa mata. Ashe tun daga ranar, kullum kafin lokacin ya yi sai ta wanke fuska, ta sa siket ɗinta na zuwa coci da farar hularta, ta tsallaka tsakar gida, ta zauna a kan kujerar nan mai laushi. Tana kunna talabijin ɗin da ko jin sa ba ta yi, ta zauna awa biyu, wani lokaci uku, ƙafa a kan tayil mai sanyi kamar ƙanƙara. Kai kuma ka kira ni kana murna, wai Mama ta zama 'yar gayu.

Maƙwabciyarta Etelvina ce ta tare ni a kasuwa ranar Asabar, ta ce mini ku 'ya'yan Zoila kashe ta za ku yi da gata ne, ko me? Ta ce mako biyu ke nan Mama tana tari, amma idan ta shiga falon sai ta danne shi, idan ya ci ƙarfinta ta lallaɓa bayan ƙofa inda idon abin ba ya kaiwa, ta yi abinta, ta goge baki ta dawo tana murmushi. Na je na same ta jikinta zafi rau. Likita ya ce sanyi ya shiga huhunta, da mun ƙara kwana uku da sai an kwantar da ita. Na yi kuka, na kuma yi faɗa. Na ce mata Mama, ke yarinya ce? Ta ce in rufe mata baki, yaron nan ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗaukar bulo a ƙasar mutane, ko jana'izar ubansa rashin takardu bai bar shi ya zo ba, shi ne za ta bari ya leƙo ya ga kujera babu kowa? Ta ce in gaya maka ɓera ne ya ci wayar wutar. Na ce ni ba zan yi maka ƙarya ba, ta ce dama tun ina ƙarama bakina ba ya riƙe komai.

Yanzu da sauƙi sosai, tana shan magani, jiya har ta cinye kwanon dafaffiyar masara ta nemi ƙari. Ba laifinka nake gani ba, ƙanena. Kewarta ce ta sa ka, na sani, ni ma da nake ganinta duk mako ina jin tsoron ranar da zan shiga in tarar murhu a mace. Amma abin nan yana nuna maka abin da aka ajiye a gabansa ne kawai, kuma uwarka ta fi shi wayo. Ga abin da za a yi. Duk Lahadi bayan coci zan kai mata wayata ɗakin girki, ka kira da hoto. Za ka ga hayaƙi, za ka ga bango baƙi, za ka gan ta da tsohon mayafinta mai ƙuna a gefe. Kada ka ce mata uffan a kan gidan. Ka tambaye ta ɓerayenta nawa ne suka haihu, za ta yi maka awa guda tana bayani.

Ka gaida Nube, ka ce mata na gode da maganin gwiwa. Ka shafa mini kan Dayana da ƙaramin Holger. Floresmilo da Etelvina suna gaishe ku. Mama ta san ina rubuta maka, ba ta san abin da na rubuta ba. Ta ce in gaishe ka da kyau, ka riƙa cin abinci mai zafi, in kuma gaya maka gidan yana da daɗin zama ƙwarai. To, na gaya maka.

Ni ce yayarka,
Targelia