Kwaɗon da Baban Auta Ya Sa wa Lungu

Zuwa ga Yayata abar alfaharina,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa daga gare ni da duk mutanen gidan nan, tare da fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ce. Mu nan sai godiya. Auta ta fara aiki, matar ɗanmu Dogo kuma ta kusa sauka, sai ki sa ta a addu'a.

To Yaya, mun tare. Ban manta dariyar da kika yi mini a waya ba, da kika ce tsofaffi biyu sun je sun sayo tsoho na uku. Amma kin san dalili. Tun da idon Baban Auta ya raunana likita ya hana shi tuƙi, wancan gida na bayan gari ya zame masa kurkuku, don ko allura kake so sai ka hau mota. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan babbar mota ya koma zaman falo, inda na bar shi da safe nan nake tarar da shi. Shi ya sa muka sayar, muka sayi wannan a tsakiyar gari.

Gidan ya tsufa, ba zan ɓoye miki ba. Bangonsa kauri gare shi, rufin ɗakunan can sama, tagogin na katako ne masu marfi biyu, matakalar benen kuma duk wanda ya taka sai ta kai ƙararsa. Famfon kicin sai ya yi tari kafin ya kawo ruwa. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu kam ruwan farko ya nuna mana namu, har wuri biyu, an kuma gyara. Amma unguwar, Yaya, gani ya kori ji. Da ƙafa nake zuwa kasuwa. Gidan burodi yana bakin layi, mai aski yana kusa da shi, masallaci da makaranta da kantin magani duk suna layin bayanmu.

Abin da nake so in ba ki labari shi ne lungu. A gefen gidan akwai wani siririn lungu da ya haɗa layinmu da layin baya. Cikin filin gidan yake, amma tun zamanin masu gidan na farko mutane ke bi ta nan: 'yan makaranta, mata masu cefane, tsofaffi masu zuwa karɓar magani. Muna tarewa Baban Auta ya sa aka gyara 'yan ƙofofin ƙarfen da ke bakinsa, ya sayo kwaɗo ya datse gaba da baya. Na yi masa magana, ya ce shi gida ya saya ba hanya ba, ya gama rayuwarsa a kan titi, yanzu yana son wuri ɗaya a duniya da ba a wucewa. Na ji tausayinsa, na ƙyale shi.

Ba wanda ya zo ya yi mana faɗa, da ma sun yi da ya fi mini sauƙi. Gaisuwa ce kawai ta gajarce. Matar mai burodi, wadda da take tsare ni da hira, ta koma miƙo mini leda ba ko ɗaga kai. Mutane suka koma zagaye ta babban titi, inda motoci ba sa ɗaga wa kowa ƙafa. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce mun gudo daga kaɗaici mun zo mun gina wani da hannunmu.

Ana nan wata rana da hantsi na tafi duba matar Dogo. Maganin idon Baban Auta ya ƙare, makullan lungun kuwa suna cikin jakata. Dole ya bi ta babban titi. Shi da kansa ya ba ni labari daga baya, ya ce ya isa bakin titin ya tsaya, motoci na wucewa kamar inuwa, yana jin ƙararsu amma ba ya iya gane nisansu. Ya ɗaga ƙafa ya mayar, ya sake ɗagawa ya mayar. Ya ce tun da yake bai taɓa sanin mota abin tsoro ba ce sai ranar.

Sai ya ji an kama bakin hannun rigarsa. Wata tsohuwa ce ta layinmu, ana ce mata Inna Tela, ta girme shi nesa ba kusa ba, da sanda take tafiya. Ta ce masa ya dakata, ita ta san lokacin da motocin ke tsagaitawa, don kullum nan take tsallakawa tun da aka rufe lungu. Ya ce ba da gori ta faɗa ba, kamar mai ba da labarin farashin kasuwa. Ta tsallakar da shi, ta jira shi a ƙofar kantin har ya gama, ta sake tsallako da shi, tana ta ba shi labarin jikokinta.

Da na dawo, ko mayafi ban cire ba ya ce in ba shi makullai. Ya fita ya cire kwaɗon duka biyu, ya jefa su cikin akwatin kayan gyara. Na tambaye shi lafiya, ya ce ai kwaɗon ne ba su da kyau, sun fara tsatsa. Kin san surukin naki, ba zai taɓa cewa ya yi kuskure ba. Na ce haka ne, kayan yanzu ba ƙarko.

Yanzu ya sa an share lungun, an cike ramin da ke tsakiya don kada sandar Inna Tela ta faɗa, ya kuma ajiye benci a bakinsa. Nan yake wuni. Yana ta ƙorafi wai masu wucewa sun hana shi sakat, amma rannan mai aski bai biyo ba, sai ga shi ya saka takalmi ya tafi dubo ko lafiya. Shi kaɗai ya je, Yaya, da ƙafarsa, bai nemi kowa ya raka shi ba. Na tsaya a taga ina kallon bayansa har ya sha kwana, na gode wa Allah.

Ɗakin ƙasa mun bar miki shi saboda ƙafarki, sai ki sa rana. Ki gaishe mini da maigidanki, da Kawu, da Mai Sunan Baba da amaryarsa, da 'Yan Biyu. Auta da Dogo suna gaida Innarsu. Baban Auta ya ce in gaya miki tsoho na ukun yana nan daram, ya fi mu biyun lafiya.

Allah ya sada mu da alheri.

Taki har kullum,
Ƙanwarki, Maman Auta