Damin gonarka bai zo ba bana ma

Aikin farko yau: kai kujeru zauren mairi, ofishin magajin gari, a tambayi sakatare ranar zaman kwamiti.

Zuwa ga yayana Isufu, a Abijan.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da duk mutanen Karofane da ke can. Na kira lambarka har na gaji, shi ya sa na sa wannan a zauren ƴan garinmu na waya, inda ko ba ka gani ba wani zai karanta maka. Ka gafarce ni da na fito da maganar gida fili.

Ka san magajin gari ya kafa kwamitin shawara kan ƴan bida, ku da kuka tafi nema waje. An sa ni ciki don na yi lakkwal, karatun boko, har kolej. Wanda ya kawo dabarar ya ce a rediyo ya ji wasu jihohin Amurka na yin haka don mutanen Haiti da ke zaune can, kada ciniki da zumunci su yanke tsakaninsu da gida. Mu ma da manyan maganganu muka fara: yadda albasarmu za ta isa Abijan ba ta ruɓe ba, yadda yaran da aka haifa can za su riƙa zuwa ganin gida. Amma abin da ya fara zuwa gabanmu, Yaya, gonarka ce ta bakin fadama.

Ka tuna shekarar da za ka tafi, ka ara wa Baba Ango, maƙwabcinmu, ita. Kowace kaka sai ya ɗauko damin hatsi guda bisa jaki ya kawo ƙofar Inna. Ba don cin hatsin ba ne, kowa ya sani. Damin nan shi ke cewa gona aro ce, mai ita na nan.

Inna kan fito ta ce: "Ku buɗe rumbu, Isufu ya zo." Ko kana Abijan, ranar nan kana gida.

Da Allah ya yi mata cikawa, ka kira ka ce a faɗa wa Baba Ango ya bar wahalar da kansa, ya ci daminsa, kai ba ka rasa abinci ba. Na san tausayi ne ya sa ka. Tun daga nan damin bai sake zuwa ba.

Yanzu Baba Ango ya kwanta, magana ma da ƙyar. Ɗansa Hamza ya dasa mangwaro a gonar, ya fara haƙa rijiya. Ka san mai aro ba ya dasa itace. Ya ce kyauta ka yi wa ubansa, shaidarsa ita ce kai da bakinka ka hana a kawo dami. Ban jin ƙarya yake yi da gangan. Yaro ne lokacin, abin da ya ji ke nan.

Mu kwamiti ba mu yanke hukunci, shawara kawai muke ba magajin gari da maigari. Amma abin da muka ce kan gonarka shi za a bi kan gonakin sauran ƴan bida. Ni kuma na rasa da wane baki zan yi magana. In na tsaya maka, a ce ƙane ne. In na yi shiru, na ci amanarka. Na rubuta abin da zan faɗa, na yage, na sake. Wataƙila ma kyautar ka yi a zuciyarka, ni ne ban gane ba.

Shi ya sa nake son muryarka. Ranar zama zan ajiye wayata bisa tebur gaban kowa. Ka kira ka ce aro ne, ko ka ce kyauta ce, duk wanda ka faɗa na karɓa. Ka yi tun Baba Ango na iya ɗaga kai ya ce haka ne.

Ba gonar kaɗai nake jin tsoro ba, Yaya. Ɗanka Mahamadu bai taɓa taka ƙasar nan ba. Ran da ya zo, ina son in sami wurin da zan tsai da shi in ce nan naku ne.

Allah ya jiƙan Inna, ya ba Baba Ango lafiya, ya raba mu da Hamza ba tare da gaba ba. Allah ya tsare ka, ya maido mana da kai.

Ƙanenka,
Laminu

Na gobe:
Gaida Baba Ango, a kai masa fura.
Yi wa Hamza magana ya dakata da rijiya, in ya yarda.
Kai waya caji, a sa mata kuɗi.
Buɗe rumbun Inna, a share gefen da ake ajiye daminka.